Darbil a Kan Bindigar Baba

Mai wanet ne ya fara gaya mini, kuma a bakin tukubata ya gaya mini, ina cikin juya tsire hayaƙi yana shiga mini ido. A lokacin ina da tukuba a gefen wata gahawa, wato shagon shan shayi, a unguwar Ammariyya ta Jidda, shekarun da aka fara kafa talabijin a gahawa, mutane suna cika kujeru tun kafin magariba. Larabawa suna ce wa tsirenmu sire, kuma sun fi namu mutanen saye. Shi mai wanet ɗin Bahaushen Sudan ne, ƙato, baki gare shi kamar reza, shi ke da wanet ɗin, motar ɗaukar kayan da ake tafiya farauta da ita duk Alhamis idan zafi ya karye. Kullum da tsokana yake iso ni, sai ya ce naman raƙumin da ya mutu da tsufa nake gasa wa mutane. Ranar nan ya zo ya tsaya ba tsokana, yana ta juya makullin mota a yatsa.

"Ɗan Sarkin Baka," in ji shi, don haka suke kiran mahaifina, Sarkin Baka, "idon tsohon nan fa ya tafi."

Na ce, "Idon wa?"

"Kai ma ka sani. Fitarmu ta ƙarshe bara, zomo ya zauna masa, wallahi tsakaninsu bai fi daga nan zuwa ƙofar gahawa ba. Ya harba ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Zomon sai da ya gama tunanin duniya sannan ya tashi ya tafi abinsa."

Zuciya ta ɗebe ni, ni da ma ba a daɗe ana hura ni ba nake kamawa. Na ce masa shi da ko raƙumi aka ɗaure masa sai ya harbi igiyar, shi ne yau zai auna idon Baba? Na zaci zai yi dariya mu rufe maganar. Bai yi ba. Ya ce motar ba ta ɗaukar fiye da mutum huɗu da kaya, kuma surukinsa ya daɗe yana neman wuri. Ya ce saura Alhamis uku a fara fita.

"Ta farkon zan zo in ɗauke shi, don girmansa. In abin bai canza ba, halas, an gama. Kuma kai za ka gaya masa, ni bakina ba zai iya ba."

Ya tafi ko tsinke ɗaya bai saya ba, ni kuma na ƙona jere guda na tsire ina tsaye a kansa.

Sai wanda ya san Baba zai gane abin da aka ɗora mini. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, shekaru yana hanya, ta Chadi ta Sudan, kuma shi ya riƙa ciyar da ayarinsu da nama, da farko da baka, daga baya da bindiga. Da ya sauke farali sai ya zauna a Jidda, ya auri Inna, aka haife mu. Aikin da ya samu shi ne gadin wani sito na katako, ya zauna a kan benci daga safe zuwa yamma, yaran da a haife ya haife su suna wucewa suna ce masa "ya hajji, buɗe ƙofa". Kwana shida a mako haka yake, tsohon baƙin mutum a bakin ƙofar wani. Amma ranar Alhamis bayan la'asar, idan wanet ta tsaya ta yi ham, ya fito da saktun ɗinsa, ƙaramar bindigar nan mai siririn harsashi, a gaban mota ake zaunar da shi. Shi ke cewa a bi nan, a tsaya nan. Ya san kwaruruwan wajen Usfan kamar tsakar gidanmu, ya san inda iyakar harami take don kada wani ya yi harbi inda Allah ya hana. Su kwana can, su dawo Juma'a da hantsi da zomaye da kurciyoyi, wata ran da rema. Ranar kaɗai nake jin Baba yana dariya da ƙarfi.

Wannan kujerar ta gaban mota ce za a raba shi da ita, kuma wai da bakina.

Ban iya zama ba. Da ma Inna takan ce an haife ni da ƙaya a gindi, to a makonnin nan har ita ta gaji da ni. In fita in dawo, in ɗauki abu in ajiye, kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na yi tunanin tabarau, amma na san Baba, ya taɓa cewa tabarau na malaman ofis ne da waɗanda suka sallama. Maganar asibiti kuwa, ko Inna ba ta isa ta ɗauko ta ba. Ina cikin wannan sai wata rana na ɗaga kai daga tukuba na hango talabijin ɗin gahawa, ga wani Bature kwance a ciyawa da bindiga, an ɗaura mata wani ɗan bututu a sama, yana leƙawa ta ciki. Aka nuno abin da yake gani, barewa ta cika gilashin, har kunnenta yana motsi. Na tambayi mai gahawa, ya ce darbil ne, madubin hangen nesa na bindiga. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka. Ba tabarau ba ne, ba a fuskar Baba za a sa shi ba, a jikin bindiga ne. Kayan aiki ne, ba alamar tsufa ba.

Washegari ina Balad, tsohuwar kasuwar cikin gari, tun ba a gama buɗe kantuna ba. Abin da nake da shi ɗan abin da na ajiye ne tun lokacin alhazai, da niyyar in yi wa tukuba rumfar kwano. A wani kanti mai sanyi na ga darbil na Jamus a cikin akwatin gilashi, baƙi, yana sheƙi. Mai kantin ya dube ni, ya dubi rigata mai ƙaurin hayaƙi, ya faɗi kuɗin ba tare da ya buɗe akwatin ba. Kuɗin ya kai na ragunan layya biyar. Na ce masa a ciki har da bindigar da maharbin? Bai gane ba'a ba ce, ko kuma ya gane bai so ba. Na fito ina ta masifa ni kaɗai a titi, har wani ɗan dako ya ce, "Salamat, ya akhi?"

Daga nan sai haraj, kasuwar gwanjo ta wajen Bab Sharif, inda kayan duniya duka suke zuwa su mutu. Kwana huɗu ina zuwa, in bar nama a gida in ruga, in dawo da gudu in hura wuta. A rana ta uku na ga wanda ya sace mini zuciya. Dogo ne, bakinsa kamar na kofin shayi, sabo fil, da zobe mai lambobi da ake juyawa abu ya ƙara matsowa. Na ɗora a ido na nufi wajen teku, sai ga jirgin ruwa a gabana, har mutum nake gani yana shanya riga a kansa. Kai! Na ce da wannan ko makaho ya harbi ƙuda. Kuma kuɗinsa daidai aljihuna, har da ɗan saura.

Allah ya so ni, rumfar wani tsoho mai gyaran agogo tana nan kusa. Mutumin Bukhara ne, siriri, da ɗan gemu fari, yakan sayi tsirena ya ce kada a sa yaji. Ban da agogo, shi ke gyara wa matuƙan jiragen ruwa maduban hangensu. Na roƙi mai kayan ya bar ni in nuna masa, ya yarda ya biyo ni yana gunaguni. Tsohon ya karɓa, bai ko kalli teku ba. Ya nufi wani ƙusa a bango, ya daidaita ɗan gicciyen da ke cikin madubin a kansa, ya buga darbil ɗin a tafin hannunsa sau biyu, ya miƙo mini.

"Duba gicciyen."

Na duba. Ya karkace, ya koma gefe.

"Tafin hannuna ne ya yi masa haka," in ji shi. "To ina ga bindiga? Wannan na neman watan sallah ne, ya waladi, ba na zomo ba."

Mai kayan ya fizge abinsa yana zagin mu biyun. Ni ma haushin tsohon na ji, don ya kashe mini murna, amma na zauna a kan wani akwati na ce ya gaya mini yadda ake zaɓa. Ya yi magana a hankali yana ci gaba da tonon cikin wani agogo, ni kuwa ƙafata sai rawa take. Ya ce mai ƙaramin aljihu ya manta da girma da sheƙi. Wanda ke ninka abu sau huɗu ya isa, kuma mara zoben juyawa, don duk abin da ke juyawa a kayan araha shi ke fara mutuwa. Ya ce kada in gwada shi a rana, ko gindin kwalba yana nuna jirgi da tsakar rana. Zomo da magariba yake fita da kuma asuba, saboda haka inuwa zan leƙa, ƙarƙashin teburi, lungu. Ya ce gara tsoho na kirki da sabo na banza, araha ba ta ado. Sannan ya ce duk wannan aikin banza ne in ƙafafun darbil ɗin ba su kama bayan bindigar ba, in kawo masa bindigar ya auna.

Nan ne tsugune ba ta ƙare ba. Wa zai fitar da saktun ɗin Baba daga ɗaki? Ko ɗagawa ba a yi sai da dalili. Sai na jira ya tafi masallaci, na ɗauki sabulun wankin Inna, na jiƙa shi ya yi laushi, na danna a bayan bindigar har ramukan da ƙafafun darbil za su kama suka fito a jikinsa. Na goge ƙarfen da gefen rigata. Tsohon mai agogo da ya ga sabulun sai da ya cire gilashin idonsa don dariya, ya ce shekara arba'in yana aiki ba a taɓa kawo masa bindiga a sabulu ba. Amma ya auna, ya kuma ce awon ya yi.

A rana ta huɗu na samo shi, a cikin tarkacen wani Bature ma'aikacin kamfani da ya bar ƙasar, tsakanin mataccen fanka da takalma ƙafa ɗaya-ɗaya. Ɗan siriri ne, fentinsa duk ya kankare, da ka gan shi ka raina. Tsohon ya buga shi a tafi, gicciye bai motsa ba. Ya sa na leƙa ƙarƙashin teburinsa, na ga ƙananan sukurori a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a cikin duhu. Ƙafafunsa suka zauna a kan awon sabulu. Na miƙe zan biya, ya ce in dakata. Ya aika aka karɓo guntun ƙanƙara wurin mai sharbat, ya ɗora darbil ɗin a kai na ɗan lokaci, sannan ya fito da shi cikin laimar Jidda. Da ya goge waje, sai ga ɗan hazo siriri ya rage a gefen gilashin, ta ciki.

"Ka gani? Gilashin na kirki ne, amma bakinsa ya saki, iska tana shiga. Ƙaron da ya manne gilasan ma ya tsufa. Da kuɗinka ba za ka samu wanda ya fi shi ba, ka saya. Amma ka raba shi da abu uku, laima, zafi, da hayaƙi."

Na ce, "Tayyib, tayyib." Jikina ne kawai a rumfar, hankalina ya riga ya isa gida. Kuɗin rumfar kwano ya tafi kaf, ban ko waiwaye shi ba.

Na sami Baba a tsakar gida yana jan carbi. Na durƙusa na ajiye darbil ɗin a gabansa, na fara zuba, na Jamus kaza, na haraj kaza, Turawa duk da shi suke harbi yanzu. Ya lalubo shi, ya juya shi a hannu.

"Wa ya ce maka ba na gani?"

Na ce ba wanda ya ce.

"To ɗauke abinka. Na harbi ɓauna ubanka ma bai yi gemu ba."

Shi ne uban, amma haka yake magana in ransa ya ɓaci. Na buɗe baki zan yi gardama, Inna ta harare ni daga bakin murhu, ta yi mini alama da kai in fita. Na fita na bar darbil ɗin a kan tabarma. Kwana biyu ba wanda ya tayar da maganar, ni kuwa kwana biyun nan na yi faɗa da mahauci, na yi faɗa da mai gawayi, na kori wani da ya ce tsirena ya yi gishiri. Rana ta uku ina shirin fita sai na ji muryarsa daga ɗaki.

"Kai, zo ka ɗaura abin nan naka mu ga ƙaryar Nasara."

Juma'a da safe muka hau motar haya zuwa bayan Bani Malik, lokacin wajen fili ne fetal, sai ƙaya da awakin Larabawan ƙauye. Na tafi da wani gwangwanin madara na ɗakin girkin Inna, mai hoton saniya a jiki, na kafa shi a kan dutse na ƙirga taku hamsin. Ni na fara, kamar yadda mai agogo ya koya mini, in harba, in duba inda ƙura ta tashi, in juya sukurorin darbil da bakin kwabo, in sake. Har gwangwanin ya yi ƙara sau biyu a jere. Sannan na miƙa wa Baba.

Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya kafa bindigar a kafaɗa. Ban taɓa ganin wanda bindiga ke zama a jikinsa kamar Baba ba. Ya daɗe yana leƙawa.

"Masha Allah," in ji shi. "Har saniyar da ke jikin gwangwanin nake gani."

Da na san rawa da na taka a wajen. Ya harba, ƙura ta tashi a gefe. Na ce, "Ya faɗi hagu, Baba, kamar taku ɗaya, ba ka saba da shi ba ne." Ya sake, na ce, "Saura kaɗan, ɗaga sama kamar tafin hannu." Na uku gwangwanin ya yi tsalle ya faɗi bayan dutse. Na yi ihu har awaki suka watse. Baba ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce halas, kada a ɓata harsashi a kan gwangwani. Da yammar nan ban jira mai wanet ya zo ba, ni na je har garejinsa na ce masa ya gaya wa surukinsa ya nemi jaki.

To akwai abin da Baba yake yi tun kafin a haife ni, duk Laraba bayan la'asar in gobe za a fita. Inna ta kawo masa garwashi a kasko. Ya kwance wani ƙunshi na saiwoyi da ɓawon itace da alhazai ke kawo masa daga gida, ya haɗa da ƙaro da lubban, ya zuba a wuta. Sai ya zauna ya gitta bindigar a saman kaskon, ya lulluɓe kansa da ita da bargo, har hayaƙin ya ratsa ƙarfe da itace da tufafi, don naman daji kada ya ji warin mutum. Daga wannan turaren har ya dawo daga daji, ba hannun da ke taɓa bindigar sai nasa. Abokan farautarsa duk sun sani, har Larabawan cikinsu. Na ga wannan sau ɗari nawa? Ƙamshinsa shi ne ƙamshin Laraba a gidanmu. Abin da ka tashi a cikinsa ba ka ganinsa, shi ya sa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba lokacin da tsohon nan yake ƙirga mini abu uku a yatsunsa.

Sai ranar Alhamis ɗin da azahar. Ina kasuwa ina yanka nama, na ɗaga hannu in share gumi, ƙaurin hayaƙin rigata ya bugi hancina. Hayaƙi. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na bar naman a buɗe a kan teburin mahauci na zura da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke na cire ɗayan na riƙe, mutane suna kauce mini suna salati.

Baba yana bayan gida yana alwala. Jakarsa a ɗaure, salkar ruwa a cike, bindigar a jingine da bango. Inna ta ga inda na nufa.

"Kai! Kada ka taɓa, an turara."

Na taɓa. Tun da nake ban taɓa karya wannan ba sai ranar. Na goge baƙin hayaƙin da ke bakin gilashin da rigata, na nufi ƙofar ɗaki inda rana take, na leƙa. Innalillahi. Kamar ka leƙa cikin kwanon koko. Komai ya koma rawaya-rawaya, ƙaron ya narke ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, gicciyen da ƙyar ake ganinsa, ƙofar ma sai dai ka ce ga wani haske can. Na sake gogewa, na hura, na girgiza. Abin ta ciki yake.

Ina wannan Baba ya shigo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Allah ya yafe mini, na ɗaga masa murya. Na ce an ƙone shi, an dafa shi kamar ƙwai, makonni uku ina yawo kamar mahaukaci, an zo an sa shi a kasko! Kaina nake jin haushi, amma shi ne a gabana. Inna tana cewa, "Kai, mahaifinka ne fa," ban ji ba.

Bai ce komai ba game da taɓa bindigar. Ya karɓe ta daga hannuna, ya kafa a kafaɗa, ya nufi ƙofar, ya leƙa. Ya daɗe, kamar ran nan a bayan Bani Malik.

"Me ya same shi?" in ji shi. "Lafiyarsa ƙalau. Yadda na gani ran nan haka nake gani."

Nan take na daina masifar. Na dubi Inna, ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta. Gwangwanin nan shekara nawa yana kan kantar ɗakin girkinta, Baba ya san da saniya a jikinsa tun idonsa na ras. Kuma ni na ce masa hagu, ni na ce masa sama. Da bakina ya harbi gwangwanin, ni ina ta ihu ina kora awaki.

Shirunmu ne ya gaya masa. Ya sauke bindigar a hankali.

"Ya lalace ne?"

"Ya lalace, Baba. Ko ƙofar ba a gani."

Ya zauna a bakin gado, bindigar a kan cinyarsa, yana shafa darbil ɗin da babban yatsa. Tsoro ya kama ni, wani irin tsoro da ban taɓa ji ba, na tuna mutum uku za su watsu a cikin kwari da magariba, shi kuma yana tsakiya da bindiga. Na durƙusa na ce, "Baba, ba za ka iya zuwa ba. Akwai mutane a wajen."

"Na sani," in ji shi. "Tun bara na sani. Da ka kawo abin nan na ce ko Allah zai sa. Da na leƙa na ga ba komai, sai na ji yadda kake numfashi a bayana, na kasa gaya maka."

Na yi kuka, ƙato da ni, da ƙafa ba takalmi. Shi bai yi ba. Aka kira la'asar, muka yi salla a ɗakin, ba wanda ya iya fita masallaci. Muna sallamewa sai ga ham ɗin wanet a bakin lungu, sau biyu, yadda ta saba.

Baba ya jawo jakarsa ya kwance. Ya laluba ya ciro kwalin harsashi, ya kamo hannuna ya ɗora a tafina, ya naɗe yatsuna a kai. Sannan ya ja kunamar bindigar baya ya buɗe cikinta, ya miƙo wajen fuskata.

"Duba, kai mai ido. Akwai wani abu a ciki?"

"Babu, Baba."

"To. Ka bar ni in je in shaƙi iskar wajen. Alhamis ɗaya ce. Gobe in na dawo ni zan gaya masa da kaina, na sauke maka."

Na sa kwalin a aljihu, na ɗauki salkar da jakar na bi bayansa. Tafiya yake kansa a sama, bindiga a kafaɗa, ya san kowane dutse na lungun nan. Mutanen mota suka yi ta gaisuwa, "Sarkin Baka! Sarkin Baka ya zama Bature!" Mai wanet ya sauko da kansa ya buɗe masa ƙofar gaba, idonsa a kan darbil ɗin, ya miƙa hannu zai leƙa.

"An turara," in ji Baba.

Ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya ba da haƙuri. Baba ya hau ya zauna, ya tsayar da bindigar tsakanin gwiwoyinsa. Mai wanet ya zagayo inda nake ɗaure salka a bayan mota, ya rage murya.

"Tsakaninka da Allah, ɗan Sarkin Baka, yana gani da abin nan?"

Na dubi ƙeyar Baba ta gilashin baya, hularsa a karkace yadda yake sa ta ranar Alhamis kaɗai.

"Ras," na ce. "Har saniyar da ke jikin gwangwani yake gani."

Ya bugi kafaɗata, ya ce yalla, ya shiga ya tayar da mota. Kafin su fita lungun na jiyo Baba yana gaya masa ya bi ta hanyar sama, ta ƙasa yashi ya cinye ta, sannan na jiyo dariyarsa. Na tsaya a bakin ƙofa da kwalin harsashi a aljihu har ƙarar motar ta ɓace, ga nama can kasuwa na bari a buɗe.